Ɓangaren Hagu na Allon Marlys

Ranar Talata aka sallamo Marlys daga asibiti, bayan mako bakwai. Mijinta Leland ya tuƙo ta a hankali ta titin da ke bin bakin tafkin da ke garinsu Duluth. Ƙanƙarar Afrilu ta fara farfashewa, wani jirgin dakon tama yana tsaye can nesa yana jiran a ɗaga masa gada. Da a da ne, sai ta sa ya tsaya ta kalla. Yau tafkin yana hagunta, ba ta ma san da shi ba.

Jini ne ya toshe mata a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Bakinta bai taɓu ba ko kaɗan. Hannun hagu ya yi nauyi, ƙafar tana ja. Amma abin da likita ya daɗe yana yi wa Leland bayani a kai daban ne: idanunta lafiya ƙalau, ƙwaƙwalwar ce ta daina kula da duk abin da ke hagu. Ba duhu take gani a wurin ba. A wajenta wurin ne babu shi. Sai ta cinye rabin faranti ta ce asibitin nan rowar abinci gare su.

Leland ya saurari likita, ya gyaɗa kai, ya rubuta a ɗan littafinsa. Tun safiyar da ya tarar da ita kwance a ƙasan kicin bai yi kuka ba, bai kuma ji tsoron da mutane suke zaton yana ji ba. Matan coci sun yi ta kawo kwanukan dankali da nama, suna riƙe masa hannu suna cewa yana da ƙarfin hali. Shi dai ya san ba ƙarfin hali ba ne. Ji yake kamar an yi masa allurar kashe zafi a wurin likitan haƙori, sai dai ta bi jiki gaba ɗaya ta ƙi sakinsa. Yana wanki, yana jera magunguna, yana amsa waya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran kwamfutocin makarantun gari kafin ya yi ritaya, ya saba a kawo masa abin da ya lalace ya nemi yadda zai yi aiki.

Kafin ta dawo ya riga ya gyara gidan. Burushin haƙori, kofin gahawa, fitilar gefen gado, waya, duk ya mayar da su dama. Har kujerarsa a teburin cin abinci ya canza mata wuri.

Kwana biyu da dawowa ta ce ya kai ta wurin kwamfutarta. Shekara goma sha huɗu Marlys take aika wa ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye wasiƙa duk ranar Alhamis: wane ya ga mujiya a wuri kaza, shaho nawa suka wuce ta kan tudu, yaushe dinya suka dawo. Mutum arba'in da biyu suke karɓa.

Ya zaunar da ita, ya kunna. Ta ɗora hannun dama a kan linzamin kwamfutar, wanda ke jan kibiya a allo, ta yi ta zagaya shi.

"Lee, ina akwatin wasiƙata?"

"Yana inda yake."

"Babu shi. Agogo kawai nake gani. Ka taɓa min kaya da ba na nan ko?"

"Ban taɓa ba."

"Ka ji ka. Kai da ko tukunyar gahawa ka gani a zaune lafiya sai ka kwance ta."

Ya duba allon. Zirin da ke kwance a ƙasansa, inda 'yan alamomin manhajoji suke jere, yana nan yadda ta bar shi. Alamomi goma sha bakwai, sun faro daga kusurwar hagu. Ambulan ɗin wasiƙa shi ne na biyu. Kibiyar linzaminta ba ta ko isa tsakiya ba, sai yawo take a gindin agogon allon, can kusurwar dama.

"Ba ni minti biyar," in ji shi.

Bai ma kai biyar ba. Ya danna zirin da maɓallin dama, ya shiga saiti, ya ɗauke shi daga ƙasa ya tsayar da shi a gefen dama na allon, daga sama har ƙasa. Ya ƙara wa alamomin girma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cirewa: na hotuna, na waƙoƙi, na taswira, na wasan kati da take yi da rana. Ya bar uku, wasiƙa da wurin rubutu da intanet. Sannan ya kulle zirin don kada hannunta ya ja shi bisa kuskure.

"Ga shi nan," ta ce. "To ina sauran?"

"Ba ki buƙatarsu yanzu."

"Wa ya ce?"

Ya tura mata linzamin. Ba ta ja maganar ba, don wasiƙu ɗari da wani abu ta tarar suna jiranta. Ta yi awa guda tana karantawa, tana mitar cewa mutane sun koyi fara zance daga tsakiya. Leland ya koma kicin ya wanke kwanuka. Abu ya lalace, an gyara, yana aiki. Ya jira ya ji daɗin da ya saba ji in aiki ya yi kyau. Bai zo ba.

Ranar Litinin Noreen Beaulieu ta zo. Ma'aikaciyar asibiti ce da ke bin marasa lafiya gida tana koya musu yadda za su koma harkokinsu, mace mai jiki, ta kusa sittin, da muryar da ta saba magana da kurame. Ta cire takalma a bakin ƙofa, ta zagaya gidan ɗaki ɗaki. Ta ga burushi, ta ga fitila, ta ga kujera. Da ta iso kan kwamfutar sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Sarkin gyara," in ji Marlys. "Ga shi can."

"Mista Sorvari, aikin ya yi kyau. Sai dai fa za ka warware shi."

"Kira ni Leland. Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi, Leland. Ya yi sauƙi da yawa ne. Duk abin da ka ɗauko ka kawo mata dama, ka rage mata dalili ɗaya na juya kai hagu. Idan ba ta juya ba, ƙwaƙwalwar ba za ta koya ba. Watannin nan na farko su ne namu. In muka bari suka wuce, abin zai zauna."

"Ba wanda ya faɗa min."

"Sun faɗa maka, ranar sallama. Ranar ba wanda yake jin komai."

Ya buɗe ɗan littafinsa. Yana nan kuwa, da rubutun hannunsa, har ya ja layi a ƙarƙashi: a riƙa sa ta duba hagu. Ya daɗe yana kallon layin. Bai tuna ya rubuta ba.

"Da ƙyar take samun ambulan ɗin," ya ce. "Idan na mayar zai ɓace mata."

"Zai ɓace. Sai ta nemo shi."

"Ku biyun nan," in ji Marlys, "ina zaune fa. Ba gawa kuke tsaye a kai ba." Ta juyo da kujerar da ƙafa ɗaya. "Noreen, ki faɗa min gaskiya. Da gaske akwai abin da ba na gani? Don ni dai komai cif nake ganinsa."

Noreen ta ɗauko takarda ta ce ta zana agogo. Marlys ta zana da'ira, ta cusa lambobi goma sha biyun duka a rabin dama, suna hawa kan juna. Noreen ta ja takardar a hankali zuwa damar Marlys har farin rabin ya shigo inda take gani. Marlys ta ƙura wa takardar ido.

"Lee," ta ce can, "mayar da zirin hagu. Ba ƙasa ba. Can gefe, inda ya fi wuya."

Ya zauna ya buɗe kullen, ya ɗauke zirin ya tsayar da shi a ƙarshen hagu. Noreen ta ce a ba shi launin da ke tsone ido, wanda in idon ya kai kansa zai san ya iso baki. Ya zaɓi launin ruwan lemo mai ƙarfi, irin na rigar da mafarautan can ke sawa don a hango su. Marlys ta ce a dawo mata da alamominta duka, har da kati. Ya dawo da su, ya jera yadda suke a da, don bai manta jerin ba.

"Yanzu aikinka ɗaya ne," Noreen ta ce masa a bakin ƙofa tana sa takalmi. "Kada ka nuna mata da yatsa. Kada ka taɓa linzamin. Iyakarka ka ce, nemi ruwan lemo. Kai fa, yaya kake?"

"Lafiya."

"Haka duk kuke cewa." Ta ba shi wata takarda mai adireshin masu jinyar iyalansu da ke haɗuwa ranar Laraba a ɗakin karatu na gari. Ya linke ya sa a aljihu.

Washegari da safe Marlys ta zauna gaban allon. Leland ya zauna a kan akwatin takardu a bayanta, ya sa hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Kibiya ta tafi dama. Ta dawo tsakiya. Ta koma dama.

"Nemi ruwan lemo."

"Babu wani ruwan lemo."

"Juya kanki."

"Na juya!"

Ba ta juya ba. Yana kallon ƙeyarta, inda gashi ya kwanta saboda matashin asibiti. Minti huɗu. Ta ce ya cire zirin ne don ya wahalar da ita. Ta ce Noreen azzaluma ce. Ta ce da ƙanwarta ce take jinyarta da tuni ta nuna mata. Minti bakwai, ta fara kuka, irin na haushi, tana buga linzamin a kan tebur. Leland yana zaune. Ya san miji na ƙwarai zuciyarsa za ta karye a nan, ya leƙa tasa ya ga ba abin da ya motsa. Abin da kawai ya lura da shi, hannunsa na dama ne da ke ta ƙoƙarin zamewa ya tafi kan linzamin, sai ya danne shi da gwiwa.

"Nemi ruwan lemo, Marlys."

"In ka ƙara faɗa sai na jefe ka da kofin nan."

Ta kai hannu za ta ɗauki kofin, ba ya nan, don ya mayar da shi hagu tun daren jiya. Ta bi teburin da ido tana nemansa, wuyanta ya juya kaɗan kaɗan, sai ta tsaya cak.

"Kai! Wannan wane irin mummunan launi ne?"

Minti goma sha ɗaya. Ya rubuta a littafin.

Wasiƙar tsuntsaye ba ta fita ranar Alhamis ɗin ba, sai Asabar. Layi shida ce, da kurakurai a farkon kowane layi. Leland ya gani bai gyara ba, don ta hana. Mutum talatin suka amsa. Wani tsoho mai suna Arvid ya rubuto cewa ya yi shekara goma yana jiran ranar da zai kama ta da kuskuren rubutu.

Haka aka shiga Mayu. Wata rana minti biyu, wata rana shida, ranar da ta gaji kuma sai ta tashi ba ta samu ba. Hagun bai dawo duka ba, kuma likita ya ce kada su sa ran zai dawo. An karɓe lasisin tuƙinta. Har yanzu takan bugi gefen ƙofa da kafaɗa. Leland ya je ɗakin karatun wata Laraba, ya ajiye mota, ya zauna a ciki yana kallon masu shiga har lokacin ya wuce, sannan ya biya ya sayi madara ya koma gida.

Wata ranar Juma'a da hantsi ta ƙwala masa kira. Ta yi kuskuren danna wani wuri, alamar intanet ta fita daga zirin. Ya sunkuyo zai karɓi linzamin, ta maƙe shi a ƙirji.

"A'a. Faɗa min da baki."

"Zai ɗauki lokaci."

"Ina za ka?"

Ya ja akwatin ya zauna. Ya ce ta buɗe jerin manhajoji, ta gangara zuwa harafin da take so. Ta wuce shi sau biyu. Ya ce ta danna da maɓallin dama, ta zaɓi inda aka ce a maƙala a ziri. Ta danna wani abu daban, taga ta buɗe, ta rufe ta, ta sake daga farko. A karo na uku alamar ta fito a ƙarshen jerin, ba inda take a da ba.

"Sai ki ja ta sama, ƙarƙashin ambulan."

"Bar ta nan. Ni na sa ta."

"To."

Ya ɗan ƙara zama, ita kuma ta koma kan wasiƙunta. Motar kwasar shara ta shigo layinsu, ya ji ƙararta a gidan maƙwabta, ya tuna bai fitar da tasu ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita da sauri.