Sunan da ke Wuyan Rigar Sanyi

Tun ina 'yar mitsitsiya ban taɓa sa wani abu ba sai ya fara bi ta jikin Yaya. Riga, takalmi, jakar makaranta, har ɗan kunne. Shekara uku ta ba ni, ga shi Allah ya yi ta mai tattalin kaya, to a kan me Umma za ta saya mini sabo? Shi ya sa Yaya ba ta kirana da sunana, Magajiya take ce mini. "Magajiya, ɗauke idonki daga takalmin nan, da sauran raina."

A makarantarmu akwai wani dogon katako mai ƙusoshi a jikin bango, inda kowa ke rataye rigar sanyinsa idan rana ta ɗaga. Rigunan duk iri ɗaya ne, ruwan toka, don haka dole kowa a ɗinka masa sunansa a wuyan riga ta ciki. Umma ba ta da wannan haƙurin. Yaya ce ke yin nata da kanta, da jan zare a kan ɗan farin ƙyalle, harafi bayan harafi, tsaf kamar inji ne ya buga. Duk ranar da riga ta matse ta aka miƙo mini, sai in zauna a bakin gado da reza in bi jan zaren nan ina tsinkewa, in ɗinka nawa da shuɗi. Nawa kuwa a karkace, wani harafin ya hau kan wani. Yaya ta zo ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Wai ke ba kya jin kunya? Ko ɗumin jikina bai bar rigar ba kin hau kankare ni."

"To ki daina girma mana."

Sai ta kai mini ranƙwashi, ta zauna ta gyara mini riƙon allura. A bakin gadon nan na koyi sana'ar da nake ci da ita har yau.

Aure ne ya kawo ni ƙasar nan. Maigidana direban bas ne, ni kuma na buɗe ɗan shagon gyaran ɗinki tsakanin kantin magani da mai gyaran waya: rage tsawon wando, canja zif, sakin ƙugu ga waɗanda suka rantse wanki ne ya tsuke musu kaya. Shekaru suka ja, na zama 'yar ƙasa da takarda da komai. Yaya ta zauna can gida tana koyarwa a makarantar nan tamu mai ƙusoshi. Mijinta ya rasu 'yarsu tana rarrafe, ba ta sake aure ba. Yarinyar ita kaɗai ce, muke ce mata Tilo. Duk ƙarshen mako sai mun yi waya da Yaya, ina taka keken ɗinki na maƙale wayar a kafaɗa, tana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya ƙi mutuwa, muna dariya har maƙwabcina mai gyaran waya ya buga bango.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba mu lokaci ba. Na isa an riga an kai ta. Dangin uban Tilo suka zo suka yi gaisuwa, kowa na kallon ƙasa yana lissafa 'ya'yan da ke gabansa. Ban jira a fara tura wa juna ita ba, na nema mata bizar ziyara na taho da abata.

Ranar tafiya Tilo ta fito da rigar sanyi ruwan toka, hannun ya ɗan ɗage mata, gwiwar hannu ta sha faci. Kallo ɗaya na gane ta. Ita ce ta ƙarshe da Umma ta saya, mai kauri, irin wadda ba a yi yanzu. Ashe Yaya ta ciro ta daga akwatin Umma ta ba 'yarta. Na kau da kai da sauri, don in na ci gaba da kallo a filin jirgin nan zan zauna in yi ta kuka. Har muka iso, har aka yi watanni, ban yarda hannuna ya taɓa rigar ba. Tilo ke wanke abarta ta shanya.

Bizar ziyara ba ta zama, kowa ya sani. Da wa'adinta ya fara matsowa muka je wurin wata lauya, mace mai sanyin magana, ofishinta a saman wani gidan burodi. Tilo ta zauna a waje kan benci, ni da Maigida muka shiga.

Lauyar ta ce hanya biyu ce. Ta farko, a mayar da Tilo ɗaliba. Za a ba ta izinin zama na karatu, ana sabuntawa duk shekara. Idan ta faɗi jarrabawa, ko aka samu tangarɗa a makaranta, ko doka ta canja, shi ke nan sai ta tattara. Idan komai ya tafi daidai, ta gama, ta samu aikin da zai tsaya mata, wata rana tana iya neman zaman dindindin.

"Wata rana yaushe?" in ji Maigida.

"Ba zan yi muku alkawarin da ba ni da iko da shi ba."

Hanya ta biyu, in je gaban alƙali in ɗauke ta 'ya. Tunda ni 'yar ƙasa ce, ita kuma marainiya, za ta samu zaman dindindin ba wani dogon jira. Amma sai an yi kafin ta wuce shekarun da doka ta yanke, saura 'yan watanni.

Na ce, "Yo ai wannan ba abin shawara ba ne. 'Yar yayata 'yata ce, alƙali zai gaya mini?"

Ta cire tabarau ta ce akwai abu ɗaya da take so in sani tun yanzu. Idan kotu ta amince, za a rufe tsohuwar takardar haihuwar yarinyar a ba ta sabuwa. A gurbin uwa, sunana za a rubuta.

"Na Yaya fa?"

"Ba zai fito ba."

"A sa biyun mana. Nata a sama, nawa a ƙasa."

"Gurbi ɗaya ne."

Wallahi ji na yi kamar an miƙo mini reza. Na miƙe tsaye, jakata ta zube, alli da abin awo suka watse a ƙasa. Na ce matar da ta ɗauki cikin, ta yi naƙudar, ta yi rainon ita kaɗai da albashin malamar firamare, ita za a kankare? Ni kuma da ko zanin goyo ban wanke ba in hau in zauna? Na ce a yi ta karatun. Baiwar Allah ba ta yi musu ba, ta taya ni tsince allina, ta ce in je in yi tunani amma kada in daɗe.

Maigida ya bari sai da muka sauke Tilo a gida. Shi mutum ne da ya saba da fasinja masu faɗa, ba ya tanka wa mutum yana kan zafi. Da ya raka ni shago ya ja kujerar masu jira ya zauna.

"Ranki ya daɗe, an huce ko in dawo gobe?"

"In tsokana ka zo yi, ga ƙofa."

"Tambaya ɗaya ce. Wannan faɗan da kike yi, don yarinyar ne ko don Yaya?"

"Duk ɗaya ne."

"Da ɗaya ne da ba ki zubar da allinki ba. Yaya ba ta neman biza. Yarinyar ce ke nema."

Na ce masa shi bai san komai ba. Bai san ɗakinmu mai gado ɗaya ba, bai san yadda Yaya ke ba ni gefen bango don kada in faɗo ba, bai san ranar da zan taho ta cire 'yan kunnenta a tasha ta damƙa mini tana cewa, "Ungo, na san dama su kike jira." Duk rayuwata karɓa nake yi daga hannun matar nan. Gidan da ta zauna na haya ne, an riga an zuba wasu. Makarantar ta ɗauki sabuwar malama. Wuri ɗaya ya rage a duniya da aka rubuta cewa Yaya ta yi wani abu nata na kanta, shi ma in bi shi da reza? Ina magana hawaye na ɗiga a kan wandon wani bawan Allah da nake kalmasawa.

Maigida ya miƙe ya ce, "Ki leƙa ƙarƙashin gadon yarinyar nan." Ya tafi aikinsa.

Na leƙa da yamma tana banɗaki. Akwatinta ne, a shirye tsaf, kaya a ninke, takalmi a leda. Ga durowa guda na share mata tun ranar da ta zo, babu komai a ciki sai takardar da na shimfiɗa. Ashe duk watannin nan daga akwati take sa kaya ta mayar akwati. Na gane abin da Maigida ke nuna mini, amma taurin kai gadonmu ne. Na ce a raina ai tana da ƙoƙari, za ta ci jarrabawa, za a sabunta, Allah na nan. Na fara tambayar makarantu.

Tilo ba ta taɓa ce mini uffan a kan maganar ba, ko da yake na san bangon ofishin lauyar nan ba shi da kauri. Yarinya ce mai shiru, ba ta ɗauko bakin uwarta ba, sai dai tsayuwar: in ta riƙe ƙugu sai in ga Yaya sak.

Wata ranar Asabar da hantsi ta zo shago ta kawo mini abinci. Ta ajiye, ta ƙi tafiya, tana ta murza bakin rigar sanyin nan.

"Inna, gwiwar hannun ta sake ɓulewa. Na gwada, ya ƙi kamuwa."

Ta cire ta miƙo. Ba yadda zan yi, na karɓa. Nauyinta na nan yadda na san shi. Facin da ke jiki na Yaya ne, ko a mafarki na san ɗinkinta, ƙanana a jere kamar haƙoran jariri. Na juya rigar ciki waje don in kama ɓular ta baya, wuyan ya buɗe a kan cinyata.

Farin ƙyallen ya koma ruwan ƙasa. Na zaci zan ga sunan Tilo da jan zare, don Yaya ba ta barin abu a karkace a gidanta, ko hoton bango ne sai ta miƙe ta daidaita. Amma shuɗin zare na gani. Sunana ne, da hannuna na yarinta, harafi na uku ya hau kan na huɗu.

"Ke, da wannan kike zuwa makaranta?"

"Eh."

"Da sunana a wuya? Mamanki ba ta canja ba?"

"Na ce ta canja. 'Yan ajinmu har tsokanata suke yi, wai na saci rigar wata." Ta ɗan yi murmushi, na farko da na gani a fuskarta tun zuwanta. "Na kawo mata reza da kaina, ta ce in mayar inda na ɗauko."

"Saboda me?"

"Ta ce a bar shi. Wai in na ɓata, a san wurin wanda za a kai ni."

Keken ɗinki na gabana, mai gyaran waya na ta kiɗansa ta bango, wata mata ta leƙo da siket a hannu ta ga fuskata ta koma. Ni dai ina riƙe da wuyan riga. Kai, Yaya! Ko da kika tafi sai da kika riga ni. Na yi kukan da ban yi a filin jirgi ba, Tilo ta zo ta tsaya a kaina, ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba, sai ta riƙe ƙugu. Dariya ta ƙwace mini a tsakiyar kukan.

Na share fuska da ƙyallen guga, na zare allura na kama ɓular a hankali, kusa da facin Yaya. Nawa bai kai nata kyau ba, har gobe. Na juya rigar daidai na sa mata da hannuna, na gyara mata wuyan.

Sannan na kira Maigida na ce ya nemi hutun ranar Litinin, za mu koma saman gidan burodi.

"Wace hanyar?" ya ce.

"Wadda Yaya ta zaɓa."

Na ajiye wayar na dubi Tilo.

"Je ki gida ki kwance akwatin nan. Durowar taki ce."