Sadakar Inna Cima

Madam Lydia tana cikin ɗaure takardar doka a jikin ƙofar makaranta da guntuwar waya, don sau biyu yara suna yage ta tun Litinin, sai ta hango Baba Isufu ya ɓullo daga bayan rumbunan albasa. Kwali a ka, sanda a hannu, yana tafe a hankali yadda ya saba. Ta manta shaf yau Juma'a ce.

Ko kuwa a ce ta ƙi tunawa ne, don ɗan Adam ya iya yi wa kansa wannan dabara. Kwana huɗu tana cewa za ta je gidan tsohon ta yi masa bayani, kwana huɗu tana samun uzuri.

Dokar nan ba daga sama ta faɗo ba, ita ta nemo ta da ƙafarta. A watan jiya ne wata 'yar aji biyu mai suna Zaliha ta zo da kumatu a kumbure har ido ya rufe. Lydia, da yake ita ce shugabar makarantar, ta goya ta a babur zuwa asibitin mishan, inda ita kanta aka haife ta. Haƙora uku aka cire wa yarinya 'yar shekara takwas, tana riƙe da zanen Lydia tana kururuwa. Da ta dawo sai ta bi aji-aji tana cewa kowa ya buɗe baki, abin da ta gani kuwa ya hana ta cin abinci ranar. Ga kuma tukunyar shinkafa da wake ta kantin, wato abincin da makaranta ke dafa wa yara, kullum rabinta ake mayarwa, don kafin a sauke ta, yara sun cika ciki da alewa da ƙanƙara mai launi. Sai da aka yi zama uku da iyayen yara, aka yi musu har muryoyi suka dushe, sannan aka yarda. Ba alewa, ba biskit, ba ƙanƙara mai launi, daga cikin fili har bakin hanya. Mai son ciniki ya kawo ƙosai ko gyaɗa ko dankali.

Wadda abin ya fi ƙona wa rai ita ce Zinariya, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana sayar da alewa a ƙofar nan. Ta koma tuyar ƙosai, amma ƙosan da ake toyawa da fushi ne. Yanzu ma tana zaune gaban kaskonta, ta ga tsohon, ta ga kwalin, ta dubi Lydia ta yi wani murmushi.

"Madam, ga babanki nan tahe da kaya," in ji ta. "Yau mu ga ko dokar tana da ido."

Sauran mata biyu masu talla suka gyara zama. Lydia ta sani sarai, in kwalin nan ya wuce ƙofa yau, ranar Litinin farantan alewa za su dawo, kuma ba ta da bakin hana kowa.

Amma Baba Isufu ba kowa ba ne. Shekara tara da suka wuce, lokacin da aka turo ta wannan ƙauye na hanyar Galma tana budurwa ba ta san ko kare ba, matarsa Inna Cima ce ta share mata ɗaki, ta ce mata ɗiyata. Ita ke buga mata ƙofa ranar Lahadi tana cewa ta tashi kar ta makara majami'a. Ita ta dafa mata ruwan wankan jego kwana arba'in da ta haihu. Bara da damina Inna Cima ta rasu, tun daga nan kowace Juma'a tsohon yake zuwa da kwalin biskit lokacin hutun ƙarfe goma, ya raba wa yara sadaka.

Lydia ta tare shi tun bai iso ƙofa ba, ta durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya? Kama mani, wuyana ya gaji."

Ta kama masa suka sauke kwalin. Ya dubi cikin fili.

"Ba a hito da su ba tukuna?"

"Saura kaɗan, Baba." Ta matso kusa da shi. "Baba, akwai magana. Laihina ne, ya kamata in iske ka gida tun tuni. An yi doka a lakwal, nan makarantarmu. An hana raba biskit da alewa."

"Na ji," in ji shi. "An hana saidawa. Ni ba saidawa nika yi ba, sadaka ce."

"Na sani. Amma haƙorin yaro bai san na saye da na sadaka ba, Baba."

Ya dube ta kamar ta yi masa magana da wani harshe. A saninsa, da sanin duk wanda ya tashi a ƙasar nan, ana iya hana ciniki, ana iya hana roƙo, amma bai taɓa jin inda aka tare sadaka a ƙofa aka ce ta koma ba.

"Wa ya yi dokar?"

"Mu munka yi ta, da uwayen yara."

"Ke kenan."

"Ni ce, Baba."

Ta ba shi labarin Zaliha, da tukunyar kantin, tana magana da sauri kamar mai tsoron kar a katse ta. Sannan ta ce ba sadakar aka hana ba. Ya kawo gyaɗa, ko dabino, ko a yi gumba irin wadda Inna take yi, ita da kanta za ta jera masa yaran.

Tsohon ya yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba.

"Kina tsammanin ban gwada ba? Juma'ar hwarko gumba na sa anka daka, ta geron gonarta. Na tsaya nan wurin da kike. Yara shidda sunka zo, biyu sunka sunsuna sunka aje. Juma'a ta biyu na kawo wanga kwali, lakwal duka ta hito. Ɗari da ishirin, ɗiyata. Kowane in ya amsa sai ya ce Allah shi jiƙan Inna Cima. Ina ƙirgawa." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Cima ba ta bar ɗiya ba, kin sani. Wa za shi ambaci sunanta? Ni ba biskit nika kawowa ba, bakuna nika nema mata."

Duk hujjojin da Lydia ta kayar da iyayen yara da su a zama uku, babu ɗaya da ta shiga nan. Tausayi ya kama ta, saura ƙiris ta ce ya shiga, na yau kaɗai. Sai ta ji ƙarar matsamin Zinariya a bakin kasko, ƙwas, ƙwas, ba don ƙosai na ƙonewa ba.

"Baba, ka yi mani gahwara," ta ce. "Ba ya shiga."



"To, Madam," in ji shi.

Bai bari ta kama masa ba. Ya rungumi kwalin a ƙirji, ya tsallaka hanya da kyar, ya zauna a gindin dogon yaro, can inda dokar ba ta kai ba. Zinariya ta sunkuyar da kai kan kaskonta.

Aka yi hutun ƙarfe goma ƙofa a rufe. Yara suka taru a jikin waya suna leƙen tsohon, wani malami ya kora su wajen tukunya, ranar kuwa aka cinye shinkafa har ƙanzo. Ya kamata Lydia ta yi murna, amma ina. Ta zauna a ofis ta buɗe rajista, ta rufe, ta leƙa taga. Yana nan. Ta ce a ranta, to me na yi kenan? Ƙarfe goma sha biyu za a tashi, su ruga can su cinye, haƙoran dai su ne, na ɓata da ubana a banza. Ta ji haushinsa, ta ji haushin kanta, ta ji haushin Zinariya da ba ta yi mata komai ba sai gaskiya.

Da lokaci ya yi ta buga ƙarfen tashi da hannunta. Yara suka kwarara ƙofa kamar an ɓalle wa awaki turke, suka tsallaka hanya suka kewaye dogon yaro, hannuwa a miƙe.

"Baba sadaka! Baba sadaka!"

Lydia ta tsaya a ƙofa tana jiran ta ga an yage kwalin. Tsohon ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Babu yau," ta ji ya ce. "Madam ta hana, kuma ta hi ni sanin abin da ka cutar ku."

Suka tsaya jim kaɗan, ko wasa yake yi. Da suka ga da gaske ne sai suka fara zamewa, uku-uku, biyar-biyar, wasu na tsaki, wasu tuni sun koma guje-gujensu. Shi kuwa yana bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa a shirye da amin. A nan Lydia ta gane abin da ya zaunar da shi awa biyu a gindin itace. So yake ya ga ko akwai wanda zai yi wa Inna Cima addu'a ba a ba shi komai ba. Yaro yaro ne, ba mugunta suka yi ba, yunwar gida ce ke kiran su. Cikin minti biyar wurin ya zama wayam.

Ta tsallaka hanya, ta durƙusa gabansa a cikin ƙasa da kayan aikinta. Hawaye ya riga ta magana.

"Allah shi jiƙan Inna Cima," ta ce. "Allah shi sa ta huta."

"Amin," in ji shi. Ya ɗan jira, kamar mai sauraron ko wani zai biyo baya. Sannan ya dafa sandarsa ya miƙe. "Yau baki ɗaya ta samu."

Lydia ta ɗauki kwalin ta aza a kanta, ta bi bayansa. Suka wuce ta gaban masu talla, suka nufi gida.