Ruwan Wankan Dad Karim

Shekara goma sha tara Washdil ya yi yana raba wa garin Zarbandar ruwa. Ba shi ke yanke wanda za a ba ba. Nasa dai ya ɗaure makullinsa a bayan babur, wani dogon ƙarfe da ya kusa kai masa ƙirji, ya bi unguwanni, ya ɗaga murfin rami ya murɗa bawul. Amma da yake shi ake gani, shi ake zagi. Ko kifi ya tsaya saye sai wata ta ce, "Mai makulli, yaushe ne namu? Ko sai ƙwarƙwata ta gama da mu?"

Lokacin da ya kama aikin, garin bai wuce ka zagaye shi da ƙafa tsakanin azahar da la'asar ba, kuma kowace unguwa yau a ba ta, gobe ta huta, jibi a sake. Sai aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa, mutane suka kwararo: leburori, direbobin manyan motoci, dillalan filaye, masu otal, da waɗanda fari ya koro daga kan duwatsu da 'yan awakinsu. Madatsar ruwan kuwa ita ce dai guda ɗayan nan. Zagaye ya koma kwana huɗu, ya koma mako. A shekarar da abin nan ya faru, kwana goma sha biyu ne.

Inda abin ya fi muni Unguwar Kwata ce, tsohuwar unguwar masunta, inda aka binne cibiyarsa. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya tambayi Injiniya Rehan, matashin da aka turo daga babban birni, dalilin da ya sa awa biyu kacal ake ba ta.

Injiniya ya jawo takarda ya nuna masa. "Mutum dubu tara ne a Kwata."

"Ranka ya daɗe, masallacin Juma'armu kaɗai ya kusa cin dubu tara. Gidan yayata mutum goma sha bakwai ne, ɗaki uku."

"Ƙidaya ta ce an mayar da rabinsu Sabon Gari da aka yi tashar. Kasonsu can yake tafiya."

Washdil ya san Sabon Gari, shi ke buɗe masa ruwa kowace safiya. Akwai tituna masu kwalta da fitilu, da ƙatuwar ƙofa mai zanen jirgi, amma gidajen da aka gama ba su kai ashirin ba. Filayen duk masu kuɗi daga nesa sun saye sun ajiye. Ruwan masunta dubu tara ciyawar bakin ƙofa yake shayarwa, da wasu dabinai da aka dasa a jere.

"To a gyara takardar mana."

Injiniya ya yi murmushi. "Sai wata ƙidayar. Ni ruwa nake rabawa, Washdil, ba mutane nake ƙirgawa ba."

Ranar wata Laraba ce cikin tsananin zafi, saura kwana biyar zagayen Kwata ya zo, aka kira shi da hantsi: mijin yayarsa, Dad Karim, ya rasu. Shekara arba'in Dad Karim yana tuƙa jirgin kamun kifi, har manyan jiragen kamfanoni suka share tekun, ya dawo gyaran komar wasu a ƙofar gida. Nan ya kife, zare a hannu.

Washdil ya tarar da gidan cike. Yayarsa Mahganj tana zaune a ƙofar ɗakin da gawar take, idonta a bushe. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, har yanzu kuma kallon yaro take masa.

"Ka zo? To ga randa can, leƙa."

Ya leƙa. Abin da ya rage bai cika buta ba.

"An kira masu tankar ruwa, Yaya?"

"Duk suna tasha, wai wani babban jirgi ya iso. Sai gobe, in Allah ya kai mu. Da wannan zafin zan ajiye shi har gobe?"

Liman Pullan, wanda ke tsaye a zaure, ya yi gyaran murya ya ce ruwan teku mai tsarki ne, ya halatta a yi wanka da shi. Kowa ya san gaɓar da ta rage wa Kwata: can kwatamin garin gaba ɗaya yake zuba, ga baƙin mai yana yawo a kai. Inda ruwan ke da kyau an kewaye shi da waya, sai da takardar shiga.

Mahganj ta ce, "Malam, shekara arba'in gishiri yana cin fatar bawan Allahn nan. Ba zan miƙa shi da gishiri ba, balle da ƙazantar masu otal." Ta juyo ga ƙanenta. "Kai kuma makullin nan naka na ado ne?"

Ya fita bayan gida ya kira Injiniya. Ya yi bayani, ya ce rabin awa kawai.

"Allah ya jiƙansa," in ji Injiniya. "Amma ka san bututun Kwata da na tasha uwa ɗaya suke sha. Ka buɗe yanzu, ƙarfin can zai faɗi, kuma yau akwai baƙi. Ka rubuto takarda, zan sa hannu a tura."

"Gawa ce, ranka ya daɗe. Ba ta jiran sa hannu."

"Kada ka taɓa bawul ɗin nan, Washdil. Na faɗa maka a matsayin wanda ke ganin girmanka."

Ya mayar da wayar aljihu. Bai taɓa buɗe wa kowa ruwa ba bisa ƙa'ida ba, ko da matarsa ta haihu, ko da aka yi masa tayin abin da zai sayi sabon babur. Wannan kaɗai yake da shi na tinƙaho. Ya tuna Dad Karim ne ya koya masa iyo, ya riƙe shi ta ciki yana cewa, "Saki jikinka, ruwa ba ya son mai taurin kai." Ya hau babur.

Ramin yana bakin unguwa, kusa da shagon mai shayi. Ya ɗaga murfin, ya zura makulli, ya murɗa sau tara kamar kullum. Mai shayi ya miƙe da ludayi a hannu.

"Yau Laraba fa. Ko ka sha wani abu ne?"

"Na wankan Dad Karim ne. Ka faɗa wa mutane su bari ya isa ƙarshen layi tukuna."

Mai shayi ya faɗa, amma labarin an buɗe ruwa kawai ya yi tafiya. Da farko iska ce ta riƙa huci a famfuna, sannan wani ja-ja mai tsatsa, sannan ruwa. Kafin Washdil ya mayar da murfi, unguwar ta ɗauka. Mata suka fito da jarkoki da tukwane da bahon wanki. Ga rashin sa'a an kawo wuta a lokacin, duk mai injin jan ruwa ya kunna. Gidan Mahganj shi ne na uku daga ƙarshe, ta wajen teku. Famfonta ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Washdil ya bi layin gida gida yana buga ƙofa.

"Don Allah ku kashe inji, minti goma. Gawa ce za a wanke."

Wasu suka kashe, suna jin ya wuce suka sake kunnawa. Wani da suka yi makarantar allo tare ya leƙo ta taga ya ce, "'Ya'yana huɗu ke gudawa, Washdil. Mai rai ya fi bukata. Ka yi haƙuri." Wata mata ko ɗagowa ba ta yi daga bakin famfo ba. "Ashe ana iya buɗewa? Da uwata ta rasu bara cewa ka yi doka ce. Dokar ta san dangi ke nan."

Ya wuce ƙofa ta gaba.

Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu. Da ya ga minti arba'in sun wuce, ya koma ya rufe. Ya dawo gidan yayarsa hannu rabbana, ya kasa shiga, ya tsaya a zaure. Can sai ga Dur Bibi, wata tsohuwa daga farkon layi wadda ta yi shekara shida ba ta magana da Mahganj saboda rigimar magudana, ta shigo da bokiti, ta koma ta kawo na biyu. Ta dire su a tsakar gida.

"Ba don ke ba," ta ce wa Mahganj. "Don shi. Ya taɓa ba ni kifi ranar da ba ni da ko albasa."

Da bokiti biyun nan aka wanke Dad Karim, Liman yana zubawa da kofin shayi don kada a yi asara. Masu sallar jana'iza mafi yawansu taimama suka yi. Aka binne shi kafin la'asar.

Washegari a ofis, Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya ce ruwa ya yanke a ofishin tasha ana tsakiyar liyafa, an kira shugabansa, shugabansa ya kira shi. Ya miƙa wa Washdil takardar dakatarwa, ya ce ya ajiye makullin a bayan ƙofa.

"Akwai kuma maganar zagaye," ya ƙara. "A rubuce, Kwata ta sha nata jiya. Sai nan da kwana goma sha biyu."

"Rabin unguwar ko ɗigo ba su gani ba."

"An buɗe ko ba a buɗe ba?"

Da labarin ya isa Kwata, waɗanda suka cika randunansu suka yi shiru, waɗanda ba su samu ba suka san wanda za su tsine wa. Ranar sadakar uku mutanen ƙarshen layi suka zo suka yi wa Mahganj gaisuwa, suka wuce Washdil a zaure kamar turmi. Wani ya faɗa da ƙarfi don ya ji, wai an shayar da mamaci an bar masu rai da ƙishi.

Dakatarwar wata ɗaya aka ce. Wata uku suka wuce ba a kira shi ba. Makullin yana hannun wani ɗan'uwan direban shugaba, wanda bai san bawul ɗin Kwata sau tara ake murɗa shi ba, yake yin shida. Washdil ya nemi aikin gadi a tasha aka ce ya tsufa. Ya nemi dako a kasuwar kifi, ya tarar da samari daga ƙauyuka sun yi layi tun kafin ya zo, kifin ma ba shi da yawa.

Sai Haji Sabzal, mai tankokin ruwa goma sha ɗaya, ya aiko a kira shi. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi da dabino.

"Shekara goma sha tara ba ka ci ko rupi ɗaya ba, na sani, don ni ma na gwada ka," in ji Haji yana dariya. "Ga sakayyar da suka yi maka. Ni ba makulli nake so ba. Taswirar bututun da ke ofis ƙarya ce, kowa ya sani. Ta gaskiyar tana cikin kanka."

Washdil ya ce zai yi tunani. Ya yi kwana takwas yana tunanin. A rana ta tara, da safe, ya kai mutanen Haji bayan tsohuwar masana'antar ƙanƙara, inda ba kowa ke bi ba, ya auna taku goma sha huɗu daga katanga, ya sa dunduniya ya yi zane a ƙasa.

"Nan. Ƙafa biyar za ku haƙa. Ku bi a hankali, bututun ya tsufa."

Babban bututun ne za su huda su riƙa cika tankokin Haji, wanda ke shayar da tasha da Sabon Gari. Shi ne kuma mai shayar da Kwata, kuma Washdil ya fi kowa sanin wanda zai fara jin raguwar.

Yanzu kullum da yamma yakan tsaya da babur a ƙofar Mahganj, ya sauke mata jarka uku. Takan fito da mayafin takaba ta karɓa, ta juye a randa, ta mayar masa da jarkokin. Ba ta taɓa tambayarsa inda yake samowa ba, shi ma bai taɓa zama ya sha shayi ba.