Kwana Tamanin

Malam Lissafi, kamar yadda ɗalibansa suka laƙaba masa, ya yi shekara talatin yana koyar da kimiyya, kuma ko bayan ritaya bai bar ilimin ya huta ba. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faɗa maka har da daƙiƙa.

Da ciwon maƙoƙo ya matsa wa matarsa, wadda tela ce, asibiti suka ba ta ƙwaya ɗaya mai tururin nukiliya ta haɗiye. Likita ta yi musu bayani: maganin zai ƙone ciwon daga ciki, amma tururinsa na iya taɓa na kusa, don haka su raba ɗaki mako guda. Bayan nan, in ji ta, ba komai.

"Ba komai fa?" in ji Malam a hanyar gida. "Wannan sinadarin rabi yake raguwa duk kwana takwas. Rabi, ba duka ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma a nan gizo ke saƙa. Ya ɗauki alli ya zana jadawali a bayan ƙofar falo: kwana takwas, saura rabi, sha shida, kashi ɗaya cikin huɗu, ashirin da huɗu, ɗaya cikin takwas. Ya yanke hukunci ba zai kusance ta ba sai ya sauka ƙasa da ɗaya cikin dubu. Ragi goma ke nan, kwana tamanin. Abin da bai sa a jadawalin ba shi ne, jiki da kansa yana zubar da maganin da yawa ta fitsari tun kwanakin farko. Ya san haka sarai. Tsoro ne kawai ya samu rigar ilimi ya saka.

Har tef ɗinta na awon kaya ya ara, ya auna mita biyu daga kujerarta ya ja layi.

A mako na biyu jikinta ya yi nauyi, wuyan ya kumbura. Wata rana da la'asar ta kira shi.

"Malam, zo ka taɓa nan ka ji. Ina jin tsoro."

Ya tsaya a bayan layi. "Ki yi haƙuri, saura kusan kashi uku cikin goma."

Auta, 'yarsu, ta bugo waya tana faɗa: "Haba Baba! Mako ɗaya likita ta ce." Ya amsa da cewa likita ba ta koyar da wannan darasin shekara talatin ba.

Matar ta sake kiransa sau biyu ko uku, sannan ta daina. Maƙwabciyarsu ce ta riƙa shafa mata wuya da raka ta asibiti. Ta samu sauƙi, keken ɗinki ya dawo da ƙararsa.

Ranar cikon tamanin Malam ya goge layin da ƙafa, ya shiga ɗakinta da matashin kansa a hammata, yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

"To, ya sauka. Yanzu babu haɗari."

Ta tsayar da keken ta dube shi. Da fushi ya gani a idonta, da ya fi masa sauƙi.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Ni a mako na biyu na nemi hannunka, lokacin da nake zaton tafiya ce ta zo. Yanzu ai na warke."

Kunya da nadama suka rufe shi. Ta miƙe ta kwashe yadudduka daga kan kujera, ta kakkaɓe masa ita da ladabi, ta ce ya zauna, ta tambaye shi ko a kawo masa ruwa.