Yana Horo

Mai sharhin rediyo ya gama karanto sunayen 'yan wasan da za su fara, ya karanto na benci, ya gama da su su ma. Baba Pam ya ci gaba da saurare har aka sa tallar sabulu. Sannan ya juya kansa a kan matashi, ya dubi Malam Labaran.

"Ban ji sunan yaron ba."

Labaran tela ne, shagonsa jingine yake da katangar gidan Baba Pam a unguwar Laranto. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da tsohon, shi ke shigowa duk Lahadi da yamma ya kama masa tasha su ji wasa tare. A bakin ƙofa Firisila, babbar 'yar gidan, tana tsaye da kwanon kunu. Ta ɗan girgiza wa Labaran kai.

Kowa a layin ya san abin da ya faru, ban da mai gidan. Mwadkon, autan Baba Pam, ɗan baya ne a kulob ɗin da ke buga gasar ƙasa. An yi faɗa a wani wurin wankin mota kusa da Farin Gada, wani ɗan dako mai suna Hyginus ya karye a muƙamuƙi, wani ya ɗauki hoton bidiyo da waya. 'Yan sanda suka gurfanar da Mwadkon gaban majistare bisa zargin ji wa mutum rauni. Ya musanta, aka ba da belinsa, aka ɗage shari'a. Kafin ya iso gida, kulob ya fitar da sanarwar dakatar da shi har sai kotu ta yanke hukunci.

An yi ta musu a kan haka a bakin shagon Labaran. Badruddeen mai cajin waya ya ce daidai aka yi, wanda yara ke sa rigarsa bai kamata ya fito fili da shari'a a wuyansa ba. Wasu suka ce zargi ba hukunci ba ne, in kotu ta wanke shi bayan shekara, wa zai mayar masa da wasannin da ya rasa? Labaran dai bai ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ba. Abin da ke damunsa daban ne. Likita ya sallamo Baba Pam ne da ƙafafu a kumbure, ya ce a kai shi gida a lallaɓa shi, kada a gaya masa abin da zai tayar masa da hankali. Shi ya sa a safiyar nan Mwadkon ya rataya jakarsa, ya yi wa uban sallama kamar mai tafiya sansani, ya zagaya ya shige shagon Labaran. Yana can yanzu bayan labule, zaune a kan ƙunshin yadi, wayarsa a kashe.

"Malam, da kai nake," in ji tsohon. Numfashinsa yana fita da ƙara.

Labaran ba ya son shara ƙarya a gaban mutumin da ke bakin mutuwa. Ya nemi kalmar da ke da rabin gaskiya a ciki. Yaron yana fita gudu shi kaɗai kowace asuba, wannan kam gaskiya ne.

"Yana horo ne, Baba."

Tsohon ya daina motsi. Ya ce a rage rediyo.

Labaran ya rage, bai gane abin da ya yi ba. A wurinsa horo shi ne abin da koci ke ba 'yan wasa, gudu da tsalle da zufa. Shekaru masu yawa yana maƙwabtaka da Baba Pam, amma bai taɓa shiga cocinsu ba sai ranar ɗaurin aure. Bai san cewa a bakin mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana dattijon ikilisiya, "yana horo" ma'ana ɗaya gare ta ba: an sami mutum da laifi, an hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, an sauke shi daga duk wani aiki, an mai da shi bencin baya har sai dattawa sun karɓe shi.

"Wa ya sa shi?" Baba Pam ya tambaya. "Me ya yi?"

"Atisaye yake nufi, Baba," Firisila ta ce da sauri. "Atisaye kawai."

Tsohon ya dube ta. Bai taɓa bambanta "ka" da "ki" ba a Hausarsa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"In atisaye ne, me ya firgita ka? Ka zubar da kunu."

Ta dubi ƙasa. Kunun ya ɗiga a kan siminti.

Labaran yana kallon ƙirjin tsohon yana hawa yana sauka, yana jiran abin da likita ya yi gargaɗi a kai. A rediyo aka busa usur, wasa ya fara. Baba Pam ya ce a kira masa yaron duk inda yake. Da Labaran ya miƙe, ya nufi ƙofa ba tare da ya taɓa waya ba, tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Ashe ba nisa. Tela, har da kai? Yanzu mutane kake ajiyewa a shago?"

Mwadkon ya shigo yana sunkuyar da kai saboda ƙofar ta yi masa gajarta. Ya durƙusa a gefen gado. Uban ya sa shi ya faɗi komai daga farko, ya faɗa, da Hausa saboda Labaran. Ya ce gardama ce a kan wanda ya riga wani a layin wanki, aka fara zagi, mutane suka taru. Ya ce ya ture Hyginus, bai buge shi ba, mutumin ya faɗi a bakin kwata. Bidiyon ya fara ne daga turewar, bai nuna abin da ya gabata ba.

Baba Pam bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya ce wannan na kotu ne. Ya tambaya ko wani daga gidan ya je gaida mai raunin. Firisila ta ce lauya ya hana, kada a ce sun je sayen baki. Tsohon ya ce to ita ba a kai ta kotu ba, ta dafa abu mai ruwa ta kai, tunda mutumin ba ya iya tauna.

Sannan ya koma kan ɗansa.

"Waɗanda suka sa ka a horo, sun zauna da kai? Sun ji bakinka?"

"A'a, Baba. A waya na gani, kamar kowa."

"Sun yi gaggawa." Ya huta, ya nemi numfashi. "Mu ba ma sa mutum sai mun kira shi, mun ji shi, mun ji shaidu. Jita-jita ba ta kai mutum baya. Amma sun riga sun sa ka, kuma su ne shugabanninka. To me kake yi a bayan labule?"

Mwadkon ya ce kunya yake ji, kuma ba ya son barin gida a yadda uban yake.

Tsohon ya ce ya sa mutane da dama a horo da bakinsa, har da ɗan wansa. Ya ce cikinsu waɗanda suka daina zuwa coci saboda kunya, babu wanda ya dawo. Waɗanda suka dawo gaba su ne waɗanda suka ci gaba da zuwa, suka zauna a baya, kowa ya wuce ya gan su.

"Ba korar ka aka yi ba. Ka tashi ka je filin. Ka biya kuɗin ƙofa kamar kowa, ka hau can sama, ka zauna a bencin ƙarshe. Kada ka rufe fuska."

Firisila ta ajiye kwanon. Ta ce 'yan dakon Farin Gada ba sa fashin kallon wasa, abokan Hyginus suna can, in suka gan shi ba wanda ya san abin da zai faru. Ta ce beli aka ba shi, ko ƙaramar hayaniya za ta iya sa a soke. Ta rage murya ta ce wa ƙanen, a gaban uban, ya dubi ƙafafun Baba ya gaya mata ko yau ranar fita ce.

"Ina nan," in ji tsohon. "Ina zan je da ƙafafun nan?"

Ya ɗora hannu a kan Mwadkon, ya yi addu'a gajera da yarensu. Labaran bai ji ko kalma ɗaya ba sai sunan yaron. Mwadkon ya tashi, ya tsaya a ƙofa yana duban yayarsa, ita kuma ta juya masa baya. Ya fita ba hula.

Labaran ya koma shago ya yi la'asar. Da ya sallame ya daɗe a kan darduma. Shi ya furta kalmar. In aka jefi yaron da dutse, ko tsohon ya cika ɗansa ba ya kusa, daga bakinsa abin ya fito. Ya naɗe dardumar ya koma.

An tafi hutun rabin lokaci babu ci. Baba Pam ya ce a ƙara rediyo, ya kasa kunne sosai. Labaran ya gane ba wasan yake saurare ba, hayaniyar 'yan kallo yake bi, ko za ta canza. Duk lokacin da ihu ya tashi sai Firisila ta tsaya cak da tsumma a hannu, har mai sharhi ya ce bugun kwana ne ko rafali ne ya ƙi busa. Ba a ambaci sunan Mwadkon ba.

"Wanda suka sa a wurinsa," in ji tsohon bayan an dawo, "yana barin baya a buɗe."

"Yaro ne, Baba. Zai koya."

"Ya koya da sauri."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Ya nemi a ɗaga shi kaɗan, Labaran ya tallafe shi ta kafaɗa, Firisila ta gyara matashi. Numfashin ya yi nisa da juna, ya dawo, ya sake yin nisa. Can sai Labaran ya ji nauyin ya sauka gaba ɗaya a hannunsa. Firisila ta kira "Baba" a hankali, ta sake kira. Ta rufe masa ido, ta kashe rediyon.

Matan maƙwabta suka fara shigowa, wata ta ɗauko waƙar coci da murya ƙasa ƙasa. Firisila ta gwada lambar ƙanenta, a kashe. Ta ce ko da a kunne take, ba za a gaya masa a waya cikin taro ba. Ta dubi Labaran.

"Baba Labaran, ka je ka zo mana da shi."

Ya tari keken haya mai ƙafa uku a bakin titi. Mai keken yana jin wasan a wayarsa, yana zagin 'yan baya, yana cewa da ma ba a dakatar da wancan dogon ba. Sannan ya ce amma kuma an ce mugu ne, ya kusa kashe mutum. Ya tambayi Labaran ra'ayinsa. Labaran ya ce ya ƙara wuta.

Da suka isa an riga an buɗe ƙofofi, kamar yadda ake yi in wasa ya kusa tashi, masu jira a waje suna ta kwarara ciki. Labaran ya bi su. Bai taɓa shiga filin ba, ya tsaya a ƙasa yana bin matakalar da ido, layi bayan layi, har sama.

Mwadkon yana can a bencin ƙarshe, a ɓangaren da ba rumfa. Babu wanda ya taɓa shi. Babu kuma wanda ya zauna kusa da shi. An bar fili dama da hagu, wasu samari a layin ƙasa suna waiwayowa suna nuna shi da waya. Yana zaune a miƙe, hannuwa a kan gwiwa, idonsa a kan 'yan bayan kulob ɗinsu.

Labaran ya tattare rigarsa ya fara hawa. Ya tsaya a tsakiya ya huta, ya ci gaba. Da ya kai, ya share ƙurar simintin da tafin hannu, ya zauna a gefen yaron, kafaɗa da kafaɗa.

Mwadkon bai juyo ba. Ya dubi takalmin Labaran, silifas ɗin cikin gida ne, ƙafa ɗaya shuɗi, ɗaya baƙi. Ya daɗe yana kallonsu, ya gane abin da ya fito da shi a haka.

"Bari a tashi, Baba Labaran," ya ce. "Ya ce in zauna."

A ƙasa, wani ya ɗaga allon ƙarin lokaci. Suka zauna.