Majanyi a Titin Kaduna

Duk direban da ya saba kwana a layin manyan motoci na Magama, bakin iyakar Jibiya da Nijar, ya san Safara'u mai dambu. Dambun nata ba na yarwa ba ne, amma tafiyarta ce ta sa aka fi saninta. Da sassafe take fitowa daga cikin gari, kular dambu a ka, ɗanta Mudathir a baya, don ta riski direbobi kafin a ɗage shinge su wuce. Ba ta hawa acaɓa da goyo, ko kyauta ne. Wata irin sassarfa take yi, taku gajere, ƙafa ƙasa-ƙasa, yadda yaron ba zai jijjigu ba. In ya motsa sai ta kai hannu baya ta ɗan bubbuga shi, ƙafar kuwa ba ta tsaya ba. Direbobin Maraɗi suka laƙaba mata suna Kamiyo, wato babbar mota, wai ita ma sai da lodi take tafiya daidai.

Tana da wata 'yar, Mufida, mai shekara tara. Ita ce ta fari, saboda haka tun da aka yaye ta ta koma ɗakin kakarta, Inna Luba, mahaifiyar Rabe mijin Safara'u. Gida ɗaya suke, tukunya ɗaya, amma kunyar 'yar fari ta hana Safara'u kama sunanta. Sai dai ta ce "yarinyar nan", ko "'yar Inna". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta shiga maganarta. Ita ce dai ke duba ƙafar yarinyar ko ta taka ƙaya, ita ke ajiye mata ƙanzo a ƙarƙashin faifai, amma duk a fakaice.

Wata ranar Laraba Mufida ta shigo daga makaranta a guje, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Inna! Inna! Malama ta zaɓe ni, ni zan yi wa makarantarmu gudu a gasa!"

Inna Luba ta ajiye ɓarzar gyaɗar da take yi. "Gudun mi? Wa ya biyo ki?"

"Gasa ce, Inna. Na fi kowa a ajinmu, har mazan."

"To ki je ki fi su a karatu. Ɗiya mace ba ta wanga tsalle-tsalle. Mahaifa sauka take, nono ya ƙafe, a wayi gari an yi maki aure ana ta yawon neman magani. Ban yarda ba."

Rabe yana bakin zaure yana wanke hannu, ya dawo daga wurin da yake facin taya. Ya ce, "Inna, ai yanzu ko'ina mata na yi."

"Ko'ina ina? Cikin talabijin? A nuna mani mace guda, tamu ta nan, wadda ta haihu, ta yi gudun nan na ƙarti, ta dawo da ƙafarta ta zauna ta shayar da ɗanta. Ran da na gani da idona, ni da kaina zan raka yarinyar nan filin. Kafin nan kar wanda ya sake tada mani maganar."

Safara'u tana gefe tana tsince zogale. Maganganu sun cika mata baki, amma babu wadda za ta iya furtawa. Uwa ta tsaya wa 'yar fari a gaban suruka? Ai sai unguwa ta ɗauka. Ta ci gaba da tsinta har ta haɗa da itacen. Can ta zagaya bayan rumbu ta tarar da yarinyar tana kuka a tsugune. Ta miƙa mata ƙanzo ba tare da ta dube ta ba, ta ce, "Ke, share hancinki."

Bayan 'yan kwanaki, a Magama, wani tsohon direban Maraɗi mai suna Arzika yana cin dambu yana sauraron rediyo, sai ya daka mata kira.

"Madam Kamiyo, taki ta samu! Wai za a yi gudun fanfalaki a Kaduna, kilomita ashirin da ɗaya, maza da mata, kowa ya zo. Ki tahi ki nuna masu yadda ake cin hanya."

Yaran mota suka fashe da dariya. Safara'u ba ta yi ba. Ta ƙara masa mai a dambunsa, ta ce, "Baba Arzika, har matan aure?"

"Har tsohuwa in tana da ƙafa."

Da ta faɗa wa Rabe, shi ma dariyar ya fara, sai ya ga fuskarta ya haɗiye. Ya ce, "Saboda yarinyar ne?" Ta juya ta ci gaba da wanke kularta. Washegari ya yi mata rajista ta waya. Ita kuma ta fara da asibiti, ta ce wa ma'aikaciyar jinya ta duba ta tsaf, don ba za ta je neman wa ɗaya hanya ta bar ɗaya ba uwa ba. Aka ce lafiyarta lau, ta dai yawaita shan ruwa.

Tun daga nan in ta sayar da dambu sai ta ba Rabe kula ya ɗaure a mashin, ita kuma ta zagayo gida ta doguwar hanya, ta wajen dam, yana biye da ita a hankali. Mudathir yana baya kullum, don in ba a bayanta ba ba ya barci. Kowane mako ta ƙara nisa. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka gaji da tambayar ko lafiya, suka koma ɗaga mata hannu.

Sai da tafiya ta matso ta durƙusa a ƙofar ɗakin surukarta.

"Inna, zan je Kaduna gudu. Ina so ki zo ki riƙe mani Mudathir."

Inna Luba ta dube ta tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa. "Don wa za ki yi?"

"Sha'awa ce kawai, Inna."

"Sha'awa." Tsohuwar ta juya ta kalli Mufida da ke wanke allo a bakin rijiya, ta sake juyowa. "To. Zan tahi, don in kin faɗi a samu mai rufe ki da zane."

Su biyar suka yi tafiyar, suka sauka gidan wani abokin Rabe. Ranar gudu Safara'u ta sa dogon wando da riga har gwiwa da ɗan ƙaramin hijabi, aka maƙala mata lamba a ƙirji. Ta shayar da Mudathir, ta ɗora shi a bayan Inna, ta ɗaure majanyin da hannunta, ta sake dubawa. Rabe ya ce za su jira ta a wani shataletale da ke gaban rabin hanya.

Ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba. Da aka busa, wasu dogayen baƙi masu siraran ƙafafu suka ɓace kamar an ɗauke su, sauran jama'a suka kwarara a baya. Nan Safara'u ta ji wani abu da rabonta da shi tun tana budurwa: babu kula a ka, babu goyo a baya. Jikinta sakayau, kamar ta miƙa hannu ta tashi sama. Ta buɗe ƙafa. Ta wuce wannan, ta wuce wancan, tana tsalle irin na 'yan birnin da ke kewaye da ita, har tana cewa a ranta ashe abin ba wuya.

Bayan an haye gada abin ya juye. Wata suka ta kama ta a haƙarƙari. Cinyoyinta suka yi nauyi kamar an jiƙa buhu, numfashi ya ƙi zama wuri ɗaya. Ta nemi takunta na kullum ta rasa, ƙafa ta manta. Hannunta sai komawa baya yake da kansa yana neman abin bubbugawa, ya tarar da riga jiƙe da gumi. Waɗanda ta wuce ɗazu suka riƙa wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Da ta waiga ta hango motar da ke kwasar waɗanda suka gaza tana tafe sannu a hankali, ƙofarta a buɗe. In ta shiga motar nan, magana ta ƙare. Inna za ta ce ai ta faɗa, kuma da gaskiyarta, yarinyar nan kuwa sai dai ta riƙa leƙen fili ta katanga.

Da jan ƙafa ta iso shataletalen. Rabe yana ta ɗaga murya, "Daure, Safara'u, daure!" Mufida ta riƙe gefen zanen kakarta, idonta ya cika. Inna Luba kuwa ta ƙura ido. Ba fuskar surukarta take kallo ba, hannun nan take kallo, mai zuwa baya yana dawowa ba komai. Ta goyi 'ya'ya bakwai, ta san hannun.

"Rabe, karɓi ɗanka."

Ta kwance majanyin, ta ciro zanen sallarta daga jaka, ta naɗe gorar ruwa a ciki ta yi dunƙule. Ta ratsa igiyar da aka tare 'yan kallo da ita. Wani mai rigar ma'aikata ya taso yana cewa, "Hajiya, koma baya, an hana!"

"Kai, kauce mani. Surukata ce, ba taka ba." Ta dubi Safara'u. "Duƙa."

Safara'u ta duƙa yadda ake duƙawa a karɓi goyo. Inna ta ɗora mata dunƙulen a gadon baya, ta ja majanyin ta ɗaure tam a ƙirji, tana faɗa tana huci.

"Wa ya aike ki gudun 'yan birni? Kina ta tsalle kamar an saki ɗan akuya. Yi tahiyarki ta Magama! Ga shi nan a bayanki yana barci, kar ki tashe shi. Ana shirin ɗage shinge, dambu na hucewa. Wuce!"

Majanyin yana ƙanshin Mudathir. Nauyin ya zauna daidai inda ya saba zama, sai kafaɗunta suka sauko da kansu. Ta ɗaga ƙafa a hankali don kar ta jijjiga shi. Taku gajere, ƙasa-ƙasa. Ta kai hannu baya ta bubbuga, wannan karon hannun ya sami abin taɓawa. Numfashi ya dawo ya bi takun.

Sukar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta koma irin wadda ta sani, ta mai sauri da kaya. Ƙarar motar kwasa ta fara nisa har ta daina jin ta. Ta cim ma wani mai jar riga da ya wuce ta a gada, yanzu yana tafe riƙe da ƙugu. Ta cim ma wasu 'yan mata biyu. Duk inda aka miƙo ruwa ta karɓa ta sha, ba ta tsaya ba. 'Yan kallo suka fara nuna ta.

"Kai, ku duba, da goyo take!"

"Sannu uwar ɗa! Allah ya raya!"

Wata mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta ta biyo ta 'yan taku tana guɗa. Safara'u ba ta da numfashin gaya masu gora ce. Ta bar su da addu'arsu, tana amsawa a zuci.

Da ta hango ƙofar ƙarshe da tutoci, ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba. Haka ta shige, kamar mai isa layin motoci a kan kari. Waɗanda suka yi na ɗaya sun daɗe da karɓar kyautarsu, amma bayanta akwai jama'a har iya ganin ido. Aka rataya mata lambar ƙarfe a wuya. Ta ce alhamdu lillahi, ta tsaya da ƙafarta, ba wanda ya riƙe ta.

Su Rabe suka iso a Keke Napep. Kafin kowa ya yi magana ta nemi gindin bishiya ta zauna, ta kwance majanyin, ta karɓi Mudathir ta lulluɓa mayafin Inna. Tsohuwar ta tsuguna kusa, ta kasa kunne. Sai da ta ji yaron yana haɗiya ƙwat-ƙwat, ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"To. Na gani."

Wani ɗan rediyo ya matso da abin ɗaukar magana. "Hajiya, daga Jibiya aka ce? Wa kika yi wa wannan gudun?"

Safara'u ta saci kallon Mufida, ta kawar da kai. "Wata yarinya ce a gidanmu."

Inna Luba ta jawo hannun mutumin da abin maganar gaba ɗaya zuwa bakinta. "Sunanta Mufida. Jikata ce. Ka faɗa masu su saurari sunan, gudu za ta yi."

Ranar da Safara'u ta koma Magama da kula, Arzika ne ya fara danna ham, sauran motocin suka ɗauka tun daga shinge har ƙarshen layi, sai da jami'an iyaka suka fito duba ko lafiya. "Kamiyo ta dawo!" yake ta faɗi. "Ai na ce maku sai da lodi!"

Gasar makarantu ta zo bayan mako uku. Inna Luba ce a gaba, riƙe da hannun Mufida, lambar ƙarfen Kaduna tana lilo a wuyan tsohuwar a kan mayafi, wai aro ta yi. Ta samu wuri a bakin layi ta kafe. Safara'u kuwa can baya ta tsaya wajen masu talla, da kularta da goyonta, ta ba filin gefe kamar ciniki ya kawo ta.

Aka busa. Muryar Inna ta danne ta kowa. "Mufida! Mufida! Ɗaga ƙafa, ɗiyar nan!" Yarinyar ta fito daga tsakiyar tsara, ta sha kwana ita kaɗai, ta tsinke zaren ƙarshe da ƙirjinta.

Wata mata da ke sayen dambu ta ce, "Ke, wannan ba ɗiyarki ba ce?"

"Ta Inna ce," in ji Safara'u.

Matar ta dubi kwanonta. An cika shi har yana zuba, Safara'u kuma ba ta daina zubawa ba.