Ɗaurin Taransisto

Bahago direba ne. Yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar tumatir da ita daga wani ƙauye a bayan Ƙofar Gayan zuwa Kaduna. Manoman ƙauyen shi kaɗai suke ba kayansu, domin bai taɓa barin tumatirinsu ya kwana a hanya ba. Da wannan amanar yake ciyar da gidansa. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. In an tsinke shi aka loda, rana ta buge shi, kafin gobe ya fara zama ruwa.

A shekarun da kayan gyaran mota suka yi wuya, kontak ɗin motar, wato ɗan ƙarfen da ke ɗaukewa da mayar da wutar fulogi, ya riƙa ƙonewa, wanda ake samu a kasuwa kuma jabu ne. Ƙanensa Aƙilu, mai gyaran rediyo a unguwar Kusfa, ya ce zai haɗa masa wani akwati da zai riƙa sarrafa wutar fulogi, kontak ya huta.

"Kai da ka saba da masu waƙa a cikin akwati, me ka sani a mota?" in ji Bahago.

"Wuta dai wuta ce, Yaya."

"To, injiniya. In ta fara karanta labarai a hanya, kai zan kawo wa."

Aƙilu bai yi dariya ba. Mutum ne mai hannu, amma mai riƙe magana a ciki, kuma wannan ba hali ne mai kyau ba.

Babban abin da ke cikin akwatin taransisto ne na ƙarfe, mai kama da marfin kwalba da kunnuwa biyu. Ya ciro shi daga wata lasifika da ta mutu. Irin wannan taransiston zafi yake yi, saboda haka dole ya kwanta a kan farantin alminiyam da zai shanye zafin. Amma jikinsa na ɗauke da wuta, in ya taɓa farantin, aikin ya lalace. Abin da ke raba su shi ne maika, wani ɓawon dutse mai shara-shara kamar ɓawon albasa.

Aƙilu ya yanko farantin daga marfin tsohuwar tukunya, ya huda, ya goge bakin hudar. Ya shafa farin mai a gefen maikar biyu, ya shimfiɗa ta, ya ɗora taransiston, ya sa wa kowane noti zoben roba. Sannan ya ɗaure da yatsu uku a kan sukurudireba, wannan kaɗan, wancan kaɗan, har man ya fito ta gefe. A nan ya tsaya.

Bahago na zaune a benci yana kallo. Ya ce, "Shi ke nan? Ko Iya in za ta ɗaure bakin buhu ta fi ka ƙarfi."

"Ya ɗauru," in ji Aƙilu.

Abin da ya kamata ya ƙara shi ne: kada ka taɓa notin nan, maikar za ta tsage. Bai faɗa ba. Yana ganin ƙane ba ya koya wa wansa aiki, yana kuma jin haushin zolayar. Ya kafa akwatin a gefen inji, aka tayar da mota, ta tashi bugu ɗaya.

Shi kuwa Bahago yana da al'ada irin ta direbobin hanyar ƙauye. Kowace safiya kafin tafiya sai ya bi motar da sufana, ya ƙara wa duk notin da ya gani ƙarfi, domin gargada na kwance komai. Al'adar ta sha cetonsa. Ran da zai ɗauko tsinkar farko ta bana, ya buɗe bonet, ya ga notin nan biyu. Ya sa hannun da yake ɗaure taya da shi, ya murɗa har suka daina motsi.

Motar ta kai shi ƙauye lafiya. Aka loda kwanduna har sama, aka ɗaure da igiya. Bai yi nisa da gonakin ba inji ya mutu. Ya duba mai, ya duba batir, ya goge fulogi. Koyil, mai tura wa fulogi wuta, ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Wayoyin kuwa duk Aƙilu ya sauya musu hanya, Bahago bai san wacce ke zuwa ina ba.

Ya aika da saƙo birni ta hannun wani mai keke, aka tarar Aƙilu ya tafi Sabon Gari sayen dalma. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Da manoman suka ga ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan kwanduna, suka sauke kayansu. Matansu suka yanyanka wanda bai lalace ba suka shanya, sauran aka zubar.

Washegari Aƙilu ya iso. Ya kwance notin, ya ɗaga maikar a rana. Ta tsage daga huda zuwa baki.

"Yaya, ka ƙara musu ƙarfi?"

"Na ƙara. Ka ce kada in ƙara?"

"Ban ce ba."

Ya sa sabuwar maika da ya ɓanɓaro daga cikin tsohon dutsen guga na lantarki, ya ɗaure da yatsu uku. Motar ta tashi.

Bahago ya tuƙa ta har ƙofar gidan Malam Idi, babban manoman. Ya sauka, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba da haƙuri. Ya ce ga mota ta gyaru, jibi zai zo da sassafe.

Malam Idi ya saurare shi har ya gama. Ya ce, "Ba komai, Malam Bahago, tsautsayi ne. Sai dai tsinkar jibi mun riga mun yi magana da Mamman mai tifa. Ta bayanta ma haka."